4 cikin 15 na ci a jingar adabi, don Allah ya ake farfaɗowa?

Ɗan Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Wata damuwa ce ta kawo ni, a gida na rasa wanda zan faɗawa shiyasa nace bari in kawo nan, kuyi haƙuri da tsawon rubutun.

Ina aji biyu a jami'a, Hausa nake karanta, makarantar dai a bar ta. Wannan semistar muna da kos na rubutaccen zube mai yunit uku, malamin kuwa tun muna aji ɗaya muke jin labarinsa a bakin na gaba damu, wai in ka samu C a hannunsa ka nemi almajiri kayi sadaka. Ya bamu jinga kowa yayi tasa, ba ta rukuni ba, tambayar itace mu tattauna rawar da Malam Zurƙe ya taka wajen gina jigon Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam, wato babban saƙon da littafin yake isarwa, shafi biyar zuwa shida. Wallahi da aka rubuta tambayar a allo murmushi nayi, nace yau tsuntsu daga sama gasasshe, littafin da tun ina ƙaramar sakandare nake karanta wa su Inna da ƙannena a tsakar gida da 'yar tocila bayan isha'i, har ƙanwata ta haddace inda za'a yi dariya tana fara ƙyaƙyatawa tun kafin in zo wurin.

Jingar ta faɗo daidai lokacin yankan riɗi, dole na dawo gida kwana huɗu don Baba ba zai iya shi kaɗai ba kuma kunsan riɗi baya jira, in ya wuce lokaci a gona zai zube. Da rana muna yanka muna ɗaurewa muna jinginewa, da dare in zauna a soro inyi ta rubutu a fulsikaf har ido ya fara rufewa. Ban kwafi na kowa ba, ban taɓa intanet ba, dama a garinmu sai ka hau tudun bayan firamare sannan sabis yake kawowa. Ranar kasuwar Gujungu na hau mashin naje aka buga min a kwamfuta, shafi shida cif, har da bango mai launi aka sa min.

Ranar Alhamis aka dawo mana da takardu. 4 cikin 15.

Shafi na ɗaya ya rubuta a gefe da jan biro "labari". Na biyu "labari". Na uku "har yanzu labari". Na huɗu da na biyar ko rubutu baiyi ba sai dogon layi daga sama har ƙasa, a ƙarshe kuma ya rubuta: "Na karanta littafin tun ba a haife ka ba. Ina naka?" Banda kalmomin da yayi ta zagayewa, na ƙirga sun fi arba'in. Wanda yafi kowa a ajin 11 ya samu. Abin da yafi ƙona min rai, abokina da muke ɗaki ɗaya, wanda ni na bashi labarin ƙarshen littafin da bakina don bai kai ƙarshe ba, shi 9 ya ci da shafi huɗu kacal.

Na taho gida hutun ƙarshen mako, yanzu haka a kan tudun nan nake zaune nake rubuto muku. Abin yana cina ne saboda buhu uku na riɗin bara Baba ya sayar aka biya min kuɗin rajista, kuma dama tun farko a majalisar ƙofar gidanmu ba'a ake min, Farfesan Hausa suke kirana, kawuna yace wai ya za'a ce mutum ya tafi birni ana kashe kuɗi ya koyo yaren da ya tsotsa a nono, shi kyauta yake yinta tun safe har dare. To yanzu ace wannan Hausar ce ta kayar da ni, da wane ido zan kalle su. Ɗazu Inna ta kawo min tuwo da miyar kuka har da man shanu na kasa ci, tace ko zazzaɓi ne nace eh.

Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, kos ɗin zai gyaru ko in fara shirin keri-oba, wato maimaita kos ɗin? CA ɗinmu 30 ne, jinga 15 tes 15, jarrabawa 70, tes ɗin saura sati biyu. Sannan inje ofishinsa ko kar in ja wa kaina? Kuma wai meye "naka" ɗin da yake nema, ni zan rubuta wani Ruwan Bagajan ne?


Akawun Auyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka sauko daga tudun nan ka je ka ci tuwonka tukunna. Ni ba adabi na karanta ba, lissafin kuɗi na yi, amma bari in yi maka abin da na iya. Maki 11 ka rasa cikin 100, sauran 85 suna nan ba wanda ya taɓa su. In tsarinku irin wanda na sani ne, 70 A, 60 B, 50 C, 45 D, 40 E, ƙasa da haka F. Ka ci 10 a tes ka ci 46 a jarrabawa, ka haɗa da 4 ɗinka, 60 ke nan, B. Ko 9 da 37, C ce. Kai ko A ɗin ma a takarda ba ta gagara ba, 12 da 54, sai dai a hannun wannan malamin naku ban ce ka sa rai ba. To ta ina keri-oba ta shigo? Kuma ko daga B ka faɗo C, kos mai yunit uku ne, in yunit 20 ka yi rajista 0.15 kawai zai ciro daga GP ɗinka, wato matsakaicin makinka na semistar. Abin da nake ji maka tsoro ɗaya ne, ka shiga jarrabawa ka sake yin abin da ka yi a jinga, don a can 70 take, kuma hannun da ya ba ka 4 shi zai duba ta.


Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

Kai rabu dasu, duk munsan irin malaman nan. Ka bincika ko yanada handawut ko wani littafinsa da yake sayarwa, ka saya ta hannun kilas raf, wakilin ajinku, a rubuta sunanka shikenan. Su fa abin da suka faɗa a aji sukeso ka amayar musu kalma da kalma, kai kuma kaje kana nuna ka san littafi. Kuma karka kuskura ka taka ofishinsa, daga ranar ya haddace lambarka. Ni haka aka min a aji uku, tambaya ɗaya nayi a aji, kos ɗin saida na maimaita shi. Wata jingar in an baku ka bawa manhajar nan ta waya ta rubuta maka kowa ya huta.


Malam Na Gwaram ya rubuta:

Salamu alaikum. Ƙanena, ni Hausa nake koyarwa a wata sakandare ta ƙauye nan wajen Gwaram, shekara goma sha huɗu ke nan. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma daga bayaninka malamin nan bai zalunce ka ba. Wanda yake son a sayi handawut ba ya ɓata lokacinsa yana zagaye kalma arba'in a takardar ɗalibi ɗaya, maki zai dangwala a sama ya wuce. Wannan ya bi ka shafi-shafi.

Ciwon da ya kama ka na waɗanda suka san littafi sosai ne. Ka san labarin, kana son sa, ka saba ba da shi a tsakar gida ana dariya, da aka ce ka yi magana a kan Zurƙe sai hannunka ya koma abin da ya saba, daga nan sai suka haɗu a gari kaza, sai ya yi masa kaza, sai shi ma ya rama. Abokinka kuwa ba shi da labarin da zai cika shafi da shi, dole ya tsaya a kan tambayar, ya ɗauko jigo da zubi da tsari da salo da taurari daga littafin lakcarsa ya yi ta juya su. Shi ya sa ya ci 9, rashin sani ne ya yi masa rana a wannan karon.

Ka sake duba tambayar. Rawar da ya taka wajen gina jigo aka ce. Wato kafin ka ɗora biro sai ka iya amsa abu biyu da bakinka: mene ne jigon a ganinka, kuma in aka cire Zurƙe daga littafin me zai rushe? Amsar ta biyun ita ce "naka" ɗin da malam yake nema. Jimla ɗaya ce ko biyu, wadda wani zai iya tashi ya ce a'a ban yarda ba. In ba wanda zai iya musa maka ita, to labari ce.

Bari in nuna maka da wurin da kowa ya sani, inda Alhaji, babban tauraron littafin, yake cin karensa babu babbaka a matsayin malami alhali karatun nasa bai taka kara ya karya ba, Zurƙe ya zo zai tona shi, Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Alhaji ya ce duk ba su ba ne, jinjirin wata ne, jama'a suka goyi bayan Alhaji aka kori Zurƙe. Na tabbata haka ka rubuta, wataƙila ma ka fi ni iya tsara shi, kuma a nan ka sa aya ka wuce gari na gaba. To daidai inda ka sa ayar nan ne aikin yake farawa. Wa ke da karatu a cikin su biyun? Zurƙe. Wa ya yi nasara? Alhaji. Wa ya yanke hukunci? Taron mutanen da su ma ba karatun suka iya ba. Mu masu karanta littafin fa, bayan wa muke? Alhaji, muna ta dariya ana korar mai ilimi. Me ya sa? Saboda daga bakin Alhaji muke jin labarin, shi yake zaune yana ba wani mai suna Koje Sarkin Labari labarinsa, Zurƙe ba a taɓa ba shi dama ya ba mu nasa ɓangaren ba.

Ka ga daga wuri ɗaya ka samu magana: an kawo Zurƙe ne don a auna wayon Alhaji da shi, kuma a nuna cewa a duniyar littafin nan wayo da iya baki sun fi karatu kai mutum gaci. Wani zai ce a'a, ai Zurƙe ma yana cin Alhaji a wasu wuraren, wayon nasu kunnen doki ne. Madalla, sai ka kawo wannan ma ka amsa shi, malamai suna son ɗalibin da ya hango inda za a kama shi. Ka zaɓi wuri uku kacal a littafin, kowanne ka ba da labarinsa a layi biyu ko uku tare da lambar shafi, sannan ka yi layi goma kana faɗin abin da yake nunawa da yadda ya koma kan jigo. Ni abin da nake gaya wa yarana, labari a cikin nazari daddawa ne a miya, kai kuma tukunyar daddawa zalla ka kai wa malam.

Ka ɗauki takardar taka da biro kala biyu, duk jimlar da take ba da labari ka ja mata layi da ɗaya, duk wadda take faɗin abin da labarin ke nunawa ko dalilin da ya sa marubucin ya yi haka ka ja da ɗayan. Za ka ga inda 4 ta fito da idonka.

Sai kalmomin da ya zagaye. Ban ga takardar ba amma na ga rubutunka a nan. Ka rubuta nace, yace, kuyi, damu, itace, za'a. A wannan zauren ba komai, kowa haka yake yi, amma a sashen Hausa kowanne laifi ne: na ce, ya ce, ku yi, da mu, ita ce, za a. Dubi "itace" ma, wanda ake hura wuta da shi ka rubuta. Haka a kan da akan ba ɗaya ba ne, "a kan tabarma" daban, "akan yi ruwa a watan Agusta" daban. Kuma tunda a kasuwa aka buga maka, ina kyautata zaton yaron bai sa maka ƙugiya ko ɗaya ba, sai Zurƙe ya koma Zurke, ƙare ya koma kare, ɓata ya koma bata. In injinsu ba shi da su, ka bi da baƙin biro ka lanƙwasa kowacce da hannu kafin ka miƙa, haka muka yi a zamaninmu. Ka nemi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa a laburaren sashenku, kwana uku ya ishe ka.

Mu da muka tashi da Hausa a baki mun fi kowa faɗawa wannan ramin, don gani muke ba abin da za a koya mana. Kawunka gaskiyarsa ne kyauta yake yin ta, numfashi ma kyauta yake yi bai sa ya zama likitan ƙirji ba, amma kar ka faɗa masa haka, kawu ne.


Maman Biyu ta rubuta:

Sannu ƙanena, Allah ya sanyaya maka. Malam ya gama magana a kan rubutu, ni a kan zuwa ofis zan ce wani abu don na ga wani a sama yana tsorata ka. Ka je, amma akwai yadda ake zuwa.

Lokacin da nake NCE ina da goyo, kullum daga ƙauyenmu can wajen Birnin Kudu nake shiga motar kasuwa in tafi in dawo, aka ba mu nazarin wata rubutacciyar waƙa na ci 3 cikin 20, abin da na yi kawai na bi baiti-baiti ina fassara waƙar daga Hausa zuwa Hausa, ban taɓa amsa-amo ba ban taɓa ma'auni ba, ban ma lura 'yar ƙwar biyar ce, wato mai layi biyar a kowane baiti, ba balle in faɗa. Na yi kuka a bayan ɗakin lakca har yarinyar ta farka ta taya ni. Sati guda ina zagaye ofishin matar nan ina kasa shiga. Ranar da na shiga ƙawata ce ta raka ni, na yi sallama na durƙusa na gaishe ta, ban ce me ya sa kika ba ni 3 ba, ban ce a ƙara min ba, ban kawo mata labarin goyo da nisan gida ba, ai ga shi nan tana gani a bayana. Cewa na yi Malama na sake rubuta sakin layi ɗaya ne, don Allah ki duba min ko na gane gyaran. Ta ɗago ta kalle ni ta ce zauna. Minti goma ta yi min, wallahi abin da na ɗauka a nan ya fi na lakca biyar. Makin bai canza ba, 3 ɗin nan tana nan har yau a takardar, amma da B na fita a kos ɗin.

Don haka kar ka je hannu rabbana. Ka rubuta sakin layi ɗaya irin yadda Malam ya nuna maka, da hannunka, ka tafi da shi tare da tsohuwar takardar. Ka tambayi kilas raf ranar da yake zama ofis, kar ka tare shi a hanyar masallaci ko yana shirin shiga mota, kar kuma ka kira shi a waya da daddare. Maganar yankan riɗi ka bar ta a gida, ba ƙarya ba ce amma a kunnensa uzuri ce, ya ji irinta ɗari.

Batun manhajar waya kuma, wata 'yar unguwarmu da take karatu yanzu ta gwada a kan wani littafin Hausa, sai ta ƙirƙiro mata taurarin da babu su a littafin, da sunayensu da komai, malamin ya tsayar da ita gaban aji ya ce ta nuna masa shafin. Kai da ka san littafi har ƙanwarka ta haddace me za ka yi da wannan.

Sannan ka gaya wa Inna ba zazzaɓi ba ne, kar ka sa baiwar Allah ta dafa maka ganyen darbejiya a banza.


Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

To Allah yasa naku malaman na kirki ne, ni dai abin da idona ya gani na faɗa. Kaje ɗin amma ka tafi da wani, kuma komai yace kace to.


Almajirin Zaure ya rubuta:

Salam. Ni bokona bai yi nisa ba, a sakandare na tsaya, karatun zaure nake yi nan Ringim, amma maganar Malam ta tuna min wani abu ko zai yi maka amfani. Alhaji da Zurƙe an daɗe ana danganta su da Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da muke karantawa a zaure, labarai ne hamsin kowanne ana ce masa muƙama, na Hariri mutumin Basra. A can ma mutum biyu ne suke ta haɗuwa gari-gari, Harisu ɗan Hammamu mai ba da labari, da Abu Zaidi mai wayo da zaƙin baki wanda kullum yake sake kama ya yaudari jama'a ya kwashi rabonsa, sai daga baya Harisu ya gane shi. Amma ka lura, a Muƙama mai ba da labarin kusan ɗan kallo ne, wayon na wancan ne. A Ruwan Bagaja kuwa mai ba da labarin shi kansa gwanin wayon ne, aka kuma ba shi abokin karawa daidai da shi. In akwai malamin da ya karanta Muƙama a garinku, kuma da wuya a rasa, ka je ka zauna gabansa ya karanta maka ko guda ɗaya ya fassara, za ka ga inda aka ɗauko da inda aka sauya. Sai dai in za ka sa a takarda ka nemo inda aka rubuta a laburare, kar ka ce wani almajiri ne ya gaya maka a intanet.


Malam Na Gwaram ya rubuta:

Almajiri Allah ya ƙara ilimi, wannan magana ce mai tsada, kuma ta zauna daidai don Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne daga Kagara, ba baƙon littattafan Larabci ba ne. A 1911 aka haife shi, ka ga ke nan yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta littafin don gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, gasar da ta fito mana da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Amma ƙanena ga tarko a nan, ɗalibai suna son cika shafin farko da irin wannan tarihin, an haife shi a kaza ya yi karatu a kaza ya rasu a 1981, shafi guda ya tafi ba maki ko ɗaya. In za ka ce ya ɗauko tsarin mutum biyun nan daga Muƙama ya juya shi, to gidan da ya fito ya zama hujja, layi biyu sun isa. In ba aikin da zai yi maka ka bar shi.


Ɗan Taura ya rubuta:

Salam 'yan uwa, na dawo da bayani, kuma Malam ka lura yau ina raba kalmomina, in na yi tuntuɓe a yi min afuwa hannu bai saba ba.

Na yi abin biro kala biyun. A shafi shida jimla bakwai kacal na samu da ba labari ba, huɗu daga ciki ma a gabatarwa suke inda na kwashe tarihin marubuci. Kunya ta kama ni ni kaɗai a soro. Ƙugiya kuwa ko ɗaya babu, har sunan Zurƙe da ke kan bangon nan mai launi.

Ashe limamin masallacinmu ya karanta Muƙama a Kano yana saurayi. Kafin in koma makaranta na je bayan la'asar na tambaye shi, ya yi mamaki ƙwarai wai ashe a boko ana maganar Abu Zaidi, ya sa aka ɗauko masa littafin daga cikin adaka duk takardun sun yi ja, ya karanta min guda ɗaya yana fassarawa yana dariya har magariba ta kawo kai. Kawun nan nawa yana wurin, bai ce uffan ba, amma da muka tashi muna sa takalmi ya tambaye ni wai shi Zurƙen a ƙarshe ya aka yi da shi.

Ranar Talata na je ofis, sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa ina komawa. Na yi yadda Anti ta ce. Ya karɓi takardar bai ce in zauna ba, ina tsaye ya karanta sakin layin, da ya ɗauko jan biron nan gabana ya faɗi. Ya ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya, inda na ce muna goyon bayan Alhaji ne saboda daga bakinsa muke jin labarin, ya ce "wannan taka ce ko ba ka aka yi?" Na ce wani malami ne ya nuna min hanya a intanet, amma misali na biyu ni na nemo. Ya ce na biyun ya fi rauni amma shi ya fi so, in je in ƙara masa hujja daga littafin da lambar shafi. Ya ce kuma "auna wayo" da na rubuta ban bayyana me nake nufi ba, in daina fakewa a bayan kalma mai daɗi. Maki dai ko rabi bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Da zan fita ya ce wane gari nake, na faɗa masa, sai ya ce riɗi ya yi kyau bana?

Tes ɗin Litinin ta sama ne, kuma ba Ruwan Bagaja kaɗai ba ne, har da Shaihu Umar da Ganɗoki, shi Ganɗokin kuwa ban taɓa karanta shi ba sai abin da na ji a lakca. Fotokwafin da ke yawo a ajinmu an yanke lambobin shafi wajen bugawa, shafukan ƙarshe ma babu. Don Allah in akwai mai na asali tsakanin Ringim, Taura da Gujungu ya taimaka min da aro, zan zo in karɓa ranar kasuwa in dawo da shi lafiya.


Malam Na Gwaram ya rubuta:

Malamin naka ya gane, jimlar tawa ce, ka dawo min da abata ka je ka ƙarfafa taka. Kuma na ƙirga, yau kalma ɗaya ba ka haɗe ba.


Almajirin Zaure ya rubuta:

Akwai Ganɗoki a wajen yayana, bangon ya cire kuma gara ta ɗan taɓa gefe amma shafukan sun cika da lambobinsu. Zan zo Gujungu ranar kasuwa kai awaki, ka turo min saƙo ta akwati mu haɗu bayan azahar. Ka taho da leda don yayan nawa ba ya son a naɗe masa littafi a aljihu.